Wadan Karfasa a Hawa na Bakwai

A Gdańsk, hawa na bakwai,
inda taga ke kallon ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa,
Wiesław ya ajiye kogi a falonsa.
Kogin bai fi kamu biyu ba,
gilashi ne gaɓarsa.

Shekara talatin da ɗaya yana ɗinke ƙarfe da wuta.
Yau hannun nan mai tabon tartsatsi
shi ke tsintar busasshen ganye a dajin Oliwa,
ya dafa, ya tace, ya zuba,
har ruwa ya yi launin shayin da bai ga madara ba.
Na famfo ya yi musu kauri, in ji shi,
sai ya tari na sama a baho.

Su biyu ne, dangin karfasa, amma wadanni,
babban bai kai ɗan yatsa ba.
Asalinsu wani rafi ne a Amazon
da tsohon bai taɓa gani ba, ba kuwa zai gani ba.
Namijin mai tukku, wutsiya garwashi,
yana kai da komo kamar shi ke biyan haya.
Macen toka-toka, ido ba ya tsayawa kanta.
Ba ruwansu da kowa.

Ran Talata ta shige ƙoƙon kwakwar da ya kife mata.
Ran Alhamis ta leƙo,
rawaya shar, kamar gwaiduwa.
Ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya haska tocila:
ga ƙwai jajaye manne a rufin ɗaki,
tana yi musu fifita.
Mai tukku ya matso, ta fatattake shi bayan hita.
Ashe shiru-shiru ba tsoro ba ne.

A daren ne iskar Baltik ta tsinke waya.
Kumfa ta tsaya. Hita ta mutu.
Ashirin da shida,
ashirin da huɗu,
ma'aunin zafi na sauka kamar mai bin tsani a duhu.

Akwai bargo a saman kwaba,
na Bogumiła,
shekara huɗu bai yarda hannu ya taɓa shi ba.
Ya tsaya.
Ya sauko da shi.
Har yanzu da sauran ƙamshin sabulunta.
Ya lulluɓe kogin da shi kamar mai jinyar jariri,
ya kunna gas, ya cika kwalabe da ruwan ɗumi,
ya sa su suna yawo a ciki.

Ƙwanƙwasa. Czesława ce ta ƙofar gaba, da kyandir.
Shekara goma sha ɗaya matakala ɗaya suke hawa,
gaisuwa kaɗai ke haɗa su.
"Duk wannan don kifi?"
Bai amsa ba, ya miƙa mata kofi:
"Ɗebi, ki zuba daga sama. Iska suke so."
Ta ɗiba, ta zuba.
Ta ɗiba, ta zuba.
Wajen ƙarfe uku ta faɗi sunan ɗanta da ke Oslo
wanda ba ya kira.
Wajen huɗu ya faɗi na matarsa.
Da asuba fitila ta farka ta same su.

Kwana shida, sai ga uwa ta fito,
ƙura na bin ta a baya,
ƙura mai idanu.
Ya ƙirga sha tara, suka motsa, ya sake daga fari.
Ta karkaɗa jiki sau ɗaya, duk suka lafe a yashi.
Ɗaya ya yi nisa,
ta bi shi, ta haɗiye.

"Wayyo, ta cinye shi!"
"Jira."

Ta juyo, ta tofo shi tsakiyar 'yan'uwansa,
lafiya lau, yana ta rawar kai.

Yanzu kullum da safe
jatan lande ƙanana na ƙyanƙyashewa a kwalbar gishiri,
Czesława ke ɗiga su, hannunta ya fi nasa tsayuwa.
Bargon bai koma saman kwaba ba.
Yana kan kujera,
ta ɓangaren da sanyin taga ya fi bugawa.